Kafin a harba ƙaramin tauraro, sai an tsara yadda zai mutu

A watan Yulin 2017 aka saki wani ɗan tauraron ɗan'adam mai suna Nigeria EduSat-1 daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Santimita 10 ne ta kowane gefe, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Injiniyoyin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da na hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ne suka haɗa shi a Cibiyar Fasaha ta Kyushu da ke Japan, tare da takwarorinsa na Ghana, Mongoliya, Bangladesh da Japan ɗin kanta. Bai cika shekara 2 ba ya faɗo cikin iskar duniya, a watan Mayun 2019, ya ƙone ƙurmus. NigeriaSat-1 kuwa, wanda aka harba daga Plesetsk ta Rasha a Satumbar 2003, ya gama aiki tun 2012, amma har yau gawarsa na can tana zagaya duniya, saboda an ɗora shi a tsayin da ya kusa kilomita 700.

Ta kowace fuska NigeriaSat-1 ya fi ɗan ƙanen nasa: ya fi shi girma, ya fi shi tsada, ya ɗauki hotunan da aka yi amfani da su har a lokacin guguwar Katrina ta 2005 a Amurka. Amma idan ana batun tsaron sararin samaniya, ƙaramin ne ya bar wuri fes. Kuma ba wani abin a zo a gani ya yi ba. An sake shi a tsayin kilomita 400, inda siririyar iskar da ta rage ke jan komai ƙasa a hankali. Ko da rediyonsa ya ƙi jin umarni tun ranar farko, da zai sauko dai. An yanke wannan shawarar a kan takarda tun kafin a ɗaure noti ɗaya, kuma irin ta ce aikin injiniyan tsari.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu a Kaduna a fili yake. Ga AFIT a Mando, ga NDA a Afaka, ga Kaduna Poly a Tudun Wada, ga ABU da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Ba kowace jiha ce ta tara masu karatun injiniyan jirgi da na lantarki kamar haka ba, kuma a zamanin NITEL an yi tashar karɓar saƙon tauraron ɗan'adam a Kujama. Tun da Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs suka fito da ma'aunin CubeSat a 1999, wato tauraro mai siffar akwati da ake haɗawa ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki santimita 10 ta kowane gefe, haɗa ƙaramin tauraro ya zama abin da sashe ɗaya na jami'a zai iya tunkara. Ko ba daɗe ko ba jima wata tawaga a garin nan za ta ce za ta gwada. Ina ganin ƙwarewar haɗa waya da rubuta manhaja ba za ta yi mata wuya ba. Inda nake jin tsoro shi ne mahaɗar abubuwa, wurin da aikin wannan ya ƙare na wancan ya fara.

Sama ta cika. A ƙananan falakai, wato hanyoyin zagaya duniya na kusa da ƙasa, komai na gudun kusan kilomita 7.5 a daƙiƙa ɗaya, wato daga Kaduna zuwa Abuja cikin ƙasa da rabin minti. Ɗan dunƙulen alminiyom mai faɗin santimita 1, idan ya zo da gudun kilomita 10 a daƙiƙa, ƙarfin dukansa ya kai na mota mai nauyin tan 1 da ke gudun kilomita 40 a awa. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta kiyasta cewa tarkacen da suka wuce santimita 1 sun haura miliyan ɗaya, alhali abubuwan da ake iya bin sawunsu daga ƙasa 'yan dubbai goma-goma ne. A 1996 wani guntun rokar Ariane ya datse sandar Cerise, ƙaramin tauraron Faransa mai kilo 50, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera, kamfanin da daga baya ya ƙera mana NigeriaSat-1. A 2007 Sin ta harbe tsohon tauraronta Fengyun-1C da makami, ta bar gutsattsari fiye da 3,000. Ranar 10 ga Fabrairun 2009 Iridium 33 na Amurka ya yi karo da mataccen Kosmos 2251 na Rasha a saman Saiberiya, a tsayin kusan kilomita 790. Tun 1978 Donald Kessler na NASA ya yi gargaɗin cewa karo na haifar da tarkace, tarkace kuma ya haifar da wani karon.

To, mene ne aikin injiniyan tsari a cikin wannan cunkoso? Duk wanda ya taɓa gina gida ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Birkila gwani ne, mai wayarin gwani ne, mai famfo gwani ne, sai ranar da za a shigar da bututu a tarar dole ya ratsa ta cikin bim ɗin da ke riƙe da dakin. Kowa ya yi aikinsa daidai, gidan ne bai yi daidai ba. A tauraron ɗan'adam akwai mai kula da wuta, mai kula da rediyo, mai kula da zafi da sanyi, mai kula da inda tauraron ke fuskanta, mai rubuta manhaja, da mai na'urar da aka yi tafiyar dominta. Injiniyan tsari ba lallai ya fi ko ɗaya daga cikinsu sanin fanninsa ba. Nasa shi ne ya rubuta abin da ake so tauraron ya yi, ya fasa shi zuwa sharuɗɗan da za a iya aunawa, ya raba wa kowa nasa, ya riƙe takardar da ke faɗin yadda sashe zai haɗu da sashe, sannan ya tabbatar kowane sharaɗi yana da gwajin da zai nuna an cika shi. A 1999 NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin Ingilishi, mai karɓa kuma ta ɗauka ma'aunin mita ne. Babu na'urar da ta lalace. Mahaɗa ce ba ta da mai ita.

Babban makaminsa kasafi ne, kuma ba na kuɗi kaɗai ba. Akwai kasafin nauyi, na wuta, na ƙarfin saƙon rediyo, na yawan bayanan da za a iya saukewa. CubeSat mai ɗaki ɗaya bai cika samun fiye da wat 1 zuwa 2 daga farantan solarsa ba. Yana zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai, kusan sulusin lokacin yana cikin inuwa, batir ne ke riƙe shi. A kowane kasafi ana barin rara, domin komai yana ƙara nauyi da cin wuta yayin da ƙira ke gaba.

Mu ɗauka shugaban tawaga ya zo ya ce, tunda ana maganar karo, a sa wa tauraron ɗan injin turawa domin ya riƙa kaucewa. Magana ce mai kyau a baki. Amma injin yana cin wutar da farantan da ke jikin akwatin ba za su iya bayarwa ba, sai an ƙara farantan da ke buɗewa. Masu buɗewa na buƙatar maƙalli da hanyar sakinsa, wani abu ke nan da zai iya ƙin aiki. Turawa ba ta da amfani sai tauraron ya san inda yake fuskanta kuma yana iya riƙe fuskar, don haka sai an sa na'urar duba taurari ko rana da 'yan fayafayan da ke juyawa a ciki. Sai ya san inda yake daidai, sai an sa GPS. Duk waɗannan na fitar da zafi, a sama kuwa babu iskar da za ta kwashe shi. Akwatin ya tashi daga ɗaki 1 zuwa 3 ko 6, kuɗin harbawa ya ninka. Mai roka kuma zai ce tunda akwai tanki mai matsi a ciki, a kawo shaidar ba zai fashe wa sauran fasinjoji ba. A ƙarshe sai an sami mutanen da za su karɓi gargaɗi dare da rana, su yi lissafi, su aika umarni. Tauraro mai injin da babu mai iya sarrafa shi ya fi marar inji hatsari, domin masu hasashen hanyarsa ba su san abin da zai yi ba. Sau da yawa amsar injiniyan tsari ita ce a bar injin, a sauko ƙasa.

Shi ya sa nake ganin zaɓen tsayi ya fi kowace shawara nauyi. A kilomita 400 ƙaramin tauraro yana saukowa cikin shekara ɗaya ko biyu. A wajen 600 ana maganar shekaru ashirin da wani abu. A 800 sai a lissafa da ɗaruruwan shekaru. Ƙa'idar da hukumomin sararin samaniya suka amince da ita a 2002 ta ce a bar ƙananan falakai cikin shekara 25 bayan gama aiki. A 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta rage wa masu neman lasisinta zuwa shekara 5, hukumar Turai ma ta bi sahu a ayyukanta. Sai dai mai ƙaramin tauraro fasinja ne a rokar wani. A 2017 rokar Indiya ta ɗauki taurari 104 a tashi ɗaya, a Janairun 2021 SpaceX ta ɗauki 143. Inda babban mai kaya za shi, can za a sauke kowa. Idan wuri mai araha ya samu amma a kilomita 650 ne, a nan ake gane ko injiniyan tsari yana da bakin magana a tawagar.

Ƙasa-ƙasan ma ba lafiya lau ba ne. Idan rana ta yi aman wuta, saman iskar duniya yana kumbura, jan da yake yi wa taurari ya ƙaru. A Fabrairun 2022 an harba taurarin Starlink 49 na kamfanin SpaceX zuwa wani falaki na wucin gadi mai tsayin kilomita 210 a ƙasansa, guguwar maganaɗisu ta same su, 38 suka faɗo. An yi asarar kuɗi, amma ba a bar shara ba, kuma da gangan kamfanin yake fara sauke su a ƙasa domin wanda ya zo a mace ya ƙone da wuri. Ƙarfin rana yana hawa da sauka a zagayen kusan shekara 11, saboda haka lissafin tsawon rai ya danganta da shekarar da aka harba. Idan harbawa ta yi jinkirin shekara 3, kamar yadda aka saba, sai a sake lissafi.

Abu na gaba, a gan ka kuma a san kai ne. A ƙarshen 2017 hukumar sadarwa ta Amurka ta hana kamfanin Swarm izinin harba wasu taurari 4 da ake kira SpaceBEE, domin kaurinsu bai kai santimita 3 ba, ana shakkar na'urorin rada za su iya bin su. Kamfanin ya yi gaban kansa ya harba su a rokar Indiya a Janairun 2018, aka ci shi tarar dala 900,000. Ko mai girman da ake gani, idan an sako shi tare da wasu ɗari, akan ɗauki makonni kafin a gane wane ɗigo ne na wa, wasu ma har su mutu ba a gane ba. Maganin yana cikin ƙira: ɗan rediyo mai faɗin sunansa da wutarsa daban, ko ɗan madubin da ke mayar da hasken laser, da yin rajista da masu bin sawu tun kafin tashi.

Sai kuma a kira ka ka amsa. A Satumbar 2019 hukumar Turai ta ɗaga tauraronta Aeolus don ya kauce wa wani Starlink, bayan yiwuwar karo ta wuce 1 cikin 10,000, iyakar da akan fara ɗaukar mataki. SpaceX ta ce wata matsala a tsarin sanar da ma'aikatan da ke bakin aiki ce ta hana su ganin saƙonnin da suka biyo baya. Idan haka ta faru da kamfanin da ke da fiye da rabin taurarin da ke aiki a sama, mu ƙaddara tashar ƙasa a harabar wata makaranta a Kaduna. Muna kusa da digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Tauraron da ke bi ta kan ƙuryar arewa da ta kudancin duniya zai wuce ta samanmu kamar sau 4 a yini, kowane wucewa bai fi minti 10 ba. Idan an ɗauke wuta a wannan mintunan, ko injin juya eriya ya cushe da ƙurar hunturu, ko makaranta tana hutu, ko ɗalibin da ya san lambar sirri ya tafi bautar ƙasa, an rasa damar. Inbata da batir da jadawalin masu gadi sashe ne na tauraron, daidai da eriyar da ke jikinsa. Wanda bai sa su a kasafi ba rabin tsarin ya zana.

Ita mutuwar ma tsara ta ake yi. Batir da aka bari yana cin caji bayan an daina kula da shi yana iya fashewa. Fashewar batir ce ta tarwatsa DMSP-F13, tauraron hasashen yanayi na sojan Amurka, a 2015. Don haka ana sa hanyar yanke farantan sola daga batir a ƙarshen aiki, a zubar da sauran mai idan akwai. Nan kuma wata matsalar ta taso: umarnin da zai iya kashe tauraro har abada bai kamata ya tashi bisa kuskure ba, kuma dole ya yi aiki bayan shekaru, lokacin da sauran na'urori sun gaji. Masu sa ƙyallen da ke buɗewa ya kama iska don saukowa da wuri suna fuskantar irin wannan: idan buɗewarsa ta dogara da babbar kwamfuta, tauraron da ya mutu da wuri, wanda shi ya fi buƙatar saukowa, ba zai buɗe ba. Sai an ba shi agogonsa da 'yar wutarsa.

Mutuwa da wuri kuwa ruwan dare ce a taurarin jami'o'i. Da yawa ba a taɓa jin duriyarsu bayan an sake su. Ana haɗa su da kayan lantarki na kasuwa, waɗanda ƙwayoyin makamashi masu ratsa sama kan rikita, musamman a yankin da ke saman kudancin tekun Atlantika. Abin da ke ceto ba shi da tsada: 'yar da'ira mai sa ido da za ta kashe kwamfuta ta kunna idan ta daskare, da mai yanke wuta idan wani sashe ya fara zuƙa fiye da kima. Sauran kuma gwaji ne. A ɗora shi a teburin girgiza kamar yana cikin roka. A sa shi a akwatin da aka zuƙe wa iska, a gasa shi a daskarar da shi. A kai shi nesa, kan tudu, a gwada magana da shi da ainihin eriyar da za a yi aiki da ita. A bar shi a kunne kwanaki yana bin jadawalinsa ba mai taɓa shi. Idan lokaci ya ƙure, waɗannan ake fara yankewa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma mun ɗanɗana: NigComSat-1, wanda ba ƙarami ba ne, an harba shi daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar farantan solarsa, sai a Disambar 2011 aka maye gurbinsa.

Duk wannan game da tauraron da ba ya son ya zama matsala ne. Akwai kuma ƙananan da aka ƙera domin aikin tsaron sararin samaniyar. Sapphire na Kanada, tun 2013, yana leƙen abubuwan da ke manyan falakai yana ba masu bin sawu bayani. RemoveDEBRIS na Jami'ar Surrey ya gwada kama abu da raga a 2018, da mashi a 2019. LICIACube na Italiya ya ɗauki hoton lokacin da kumbon DART ya daki dutsen Dimorphos a Satumbar 2022, dukan da ya rage lokacin da dutsen ke ɗauka yana zagaya babban ɗan'uwansa da kusan minti 32, kumbon Hera da ya tashi a Oktobar 2024 kuma yana ɗauke da wasu 2, Milani da Juventas, don duba abin da dukan ya bari.

Wanda ya fi burge ni shi ne ADRAS-J na kamfanin Astroscale, mai kusan kilo 150, da aka harba a Fabrairun 2024 don ya kusanci gangar wata rokar Japan mai tsawon mita 11 da ke yawo tun 2009. Gangar ba ta da fitila, ba ta da rediyo, ba ta amsa kowa. A ƙarshen shekarar ya matsa har kusan mita 15, sai kwamfutarsa ta ga wani abu bai yi daidai ba a yadda suke fuskantar juna, ta fasa, ta ja da baya da kanta. Mai kallo daga nesa zai ce bai ƙarasa ba. A wurin masu tsara shi wannan ja da bayan na cikin sharuɗɗan da aka fi shan wahalar cikawa, domin wanda ya je kwashe shara ya yi karo ya ninka ta.

Irin wannan ya fi ƙarfin tawagar farko daga Kaduna, kuma ba sai an kai can ba. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya yana ratsa Najeriya, kuma a irin wannan yanki, bayan faɗuwar rana, saman iska mai ɗauke da cajin lantarki yakan hargitse ya rikita saƙon GPS. Jiragen sama da masu safiyo da taurarin da ke son sanin inda suke duk abin ya shafe su, ma'aunai daga Afirka kuwa sun yi ƙaranci idan aka kwatanta da na Turai da Amurka. Na'urar karɓar GPS ta bincike a kan rufin makaranta za ta fara aikin tun kafin a harba komai. Haka ma madubin hangen nesa mai bin sawun taurari a watannin rani.

Akwai kuma doka. Yarjejeniyar 1972 ta ɗora alhakin ɓarnar abin da aka harba a kan ƙasa, ba kan makaranta ko kamfani ba. Idan ya faɗo wa mutane, biya ne ba tare da neman mai laifi ba, idan kuma karo ne a sama sai an nuna sakaci. Tarayyar Sobiyet ta biya Kanada dalar Kanada miliyan 3 kan Kosmos 954 da ya watsa tarkace mai guba a 1978. A ƙarshen Disambar 2024 wani zoben ƙarfe mai kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Tauraron da ɗalibai suka haɗa a Mando ko Samaru, sunan Najeriya zai ɗauka, shi ya sa izinin NASRDA da rajistar zangon rediyo ke cikin jadawalin aiki tun watan farko, kuma rajistar zangon takan ɗauki lokaci fiye da haɗa akwatin.

Da za a tambaye ni, tawagar farko ta tsaya a ɗaki 2 ko 3, na'urar bincike ɗaya tak, ba inji, ƙasa da kilomita 450, da tashoshin ƙasa 2 a garuruwa daban. A naɗa mutum ɗaya, malami ba ɗalibin shekarar ƙarshe ba, ya riƙe takardun sharuɗɗa da na mahaɗa, a ba shi ikon dakatar da aiki. A gayyato injiniyoyin da suka haɗa NigeriaSat-X a Surrey kafin harba shi a 2011, da waɗanda suka je Kyushu, su zauna zaman bita kafin a sayi kaya da kuma kafin a rufe akwati. Kuɗin kai tauraron wurin gwajin girgiza da na zafi, a duk inda injinan suke, a ware shi daban tun a kasafin farko, inda sayen kamara mai tsada ba zai taɓa shi ba.